Yadda Za Ka Gano Inda Palm Desktop Ta Kai Maka Lambobinka

Wannan shawara tamu ce, mu da har yau lambobin dangi da ranakun biki da sunayen waɗanda muke bi bashi ke cikin 'yar Palm ɗin nan da ake rubutu a kanta da tsinke. Ba zan koya maka jona waya ba. Ka jona, ka danna maɓallin HotSync, ta yi ɗan kukanta, shiru. Daga nan za mu tashi.

1. Nemo inda manhajar ta sauka. Duba C:\Palm. Babu? To C:\Program Files\Palm. Nan ma wayam? Gwada palmOne, gwada Handspring, in kuma Clié gare ka, Sony Handheld. Idonka lafiya lau. Palm ce ta yi ta sauya gida kamar bazawara mai farin jini: U.S. Robotics a 1995, 3Com a 1997, ta yi zaman kanta daga 2000, ta koma palmOne a 2003, ta karɓo tsohon sunanta a 2005, HP ta ɗauke ta a 2010. Wasu gidajen ta bar kayan ɗaki a cikin kwamfutarka. Rajistar Windows kuwa ba ta san an yi saki ba, saitin na nan ƙarƙashin U.S. Robotics\Pilot Desktop.

2. A ciki akwai foldarka, amma an yi wa sunanka kaciya: haruffan farko na sunan mahaifi, sai harafi guda na naka. Nan address.dat da datebook.dat da foldar Backup suke. In Palm Desktop 6.2 ka saka, kada ka wahalar da kanka a nan, ta kwashe komai ta kai Documents, cikin Palm OS Desktop. Ka kwafe foldar a filashi kafin ka taɓa komai, kuma kafin ka kai kwamfutar wajen gyara.

Bari dai in tsaya a kan masu gyaran nan. Akwai wani yaro a kasuwa, ba zan kama suna ba, wanda maganinsa ɗaya ne tak ga kowace cuta: a goge a sake zubawa. Lasifika ta daina magana, a goge. Fanka na ƙara, a goge. Ya ga folda mai guntulen suna, ya ce, "Alhaji, ai bairos ne, na cire maka." Har kuɗin cirewar ya karɓa, da fara'arsa. An haife shi bayan an daina sayar da na'urar, amma shi ne ya yanke hukunci a kan lambar kawuna na Damagaram. Allah Ya isa ban ce ba, amma ban hana kowa cewa ba.

3. Saitin daidaitawa. Zaɓi huɗu ne: su daidaita, kwamfuta ta danne na'ura, na'ura ta danne kwamfuta, ko kowa ya zauna lafiya. In naka irin mai ƙananan batura biyu ne kuma suka mutu a aljihun tebur, na'urar ta manta ko kai wane ne. A ranar, kwamfuta ce za ta danne. Ka juya zaɓin, fanko zai hau kan cikakke, sannan a rubuta maka cewa an kammala cikin nasara. Nasara! Idan kuma ta tambayi sunanka, zaɓi tsohon daga jerin. Ka rubuta sabo, ko da ɗigo ɗaya ya bambanta, baƙo ne kai, sai sabuwar folda ba ko lamba guda.

Na huɗu, ga mai wayar da ba ta USB ba, batun ramin da ya jona ta ne, COM1 ko COM2. Gwada ɗaya, ka gwada ɗayan. Abin da kowa ke yi ke nan.

Na biyar ne ko na shida, oho. Windows mai 64-bit ba ta jin yaren wayar USB sai ka nemo direban Aceeca, wani kamfani can New Zealand da ya ji tausayinmu. Kwamfutar kuma ba ta ganin na'urar sai lokacin da aka danna maɓallin, kafin ka gama nuna mata inda direban yake na'urar ta gaji ta katse. Sai ka kira yaro ya riƙa dannawa kana neman fayil. Ka ba shi kuɗin alewa tun farko, aikin zai kai la'asar.