Dala Uku a Awa? Albarka!

Ku ajiye kalkuletar tukuna, ranku ya daɗe. Na san lissafin da kuke bugawa. Duk wanda ya ji an ce yarinya tana zaune a ɗakin uwarta tana yi wa wani Ba'amurke aikin sakatariya ta intanet, ana biyanta dala 3 a awa, lissafi ɗaya yake yi. A ce dala tana naira 1,500, awa ɗaya ta ba da 4,500. Sau awa 8, sau kwana 22, naira 792,000 ke nan a wata. Sai a yi salati, a dafe ƙirji, a ce ai ta ninka mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 har sau goma sha ɗaya, a fara laluben ɗan uwan da ya dace a haɗa su zumunci. Ni kuma ga ni na zo ina cewa cutarta ake yi, kuma da hannunta ta miƙa wuƙar. Dole ku yi mini kallon wanda rana ta buga.

Alhaji ma bai yarda aiki ne ba. "Wai wannan danne-dannen waya har sai an biya mutum?" Ranka ya daɗe, aikin mataimakin nesa shi ne aikin da yaron shagonka da akawunka da ɗan aikenka suke yi, a haɗa su a jikin mutum ɗaya. Ita ce za ta karanta saƙonnin imel ɗin maigidan ta ware masu muhimmanci, ta tsara masa ganawa kada biyu su yi karo, ta yanko masa tikitin jirgi, ta bi masa bashi, ta lallashi kwastoman da ya fusata, duk ba ta taɓa ganin fuskarsa ba sai ta Zoom. Idan ofishinsa a New York yake, sa'ad da ya zo tashi ƙarfe biyar na yamma, nan ƙarfe goma ne ko sha ɗaya na dare, gwargwadon lokacin shekara. Kana munshari tana bakin aiki.

Yanzu mu koma kan naira 792,000 ɗinku, mu ga ina ta shige.

Awa takwas ɗin nan a kanku kawai take. Mai aikin kansa ba a biyansa kuɗin zama, sai awannin da aka ba shi aiki a cikinsu. Sabuwar shiga idan ta samu awa 15 a mako ta yi sa'a, wato awa 60 a wata, dala 180. Dillali kuma yana jira a bakin ƙofa: Fiverr yana yankar kashi 20 cikin ɗari, Upwork kuwa ya riƙa karɓar kashi 10, kafin a 2025 ya mayar da la'adarsa mai hawa da sauka har zuwa kashi 15. Mu yi mata adalci mu cire goma, saura dala 162, naira 243,000. Lambobin da ke tafe na misali ne, kowa ya sa nasa: data 25,000, man janareta 60,000, kuɗin fitar da dala da asarar canji 15,000, sai kwamfutar da aka saya 400,000 wadda in ta shekara uku ta yi ƙoƙari, wato kusan 11,000 take ci kowane wata ko an lura ko ba a lura ba. Abin da ya rage 132,000.

Na ji wani daga baya yana cewa ai har yanzu ta fi malamin firamare. Dakata, ban gama ba. Awa 60 aka biya, amma ba awa 60 ta yi ba. Ina awannin rubuta takardun neman aikin da ba a ko amsa ba, waɗanda a Upwork sai ka sayi tikitin aika su? Ina ganawar "mu san juna" ta kyauta, da aikin gwaji, da zaman jiran maigida ya farka ya amsa tambaya ɗaya? A ce awa 40. Raba 132,000 gida ɗari, ka ga naira 1,320 a awa, ko dala ɗaya ba ta cika ba. Malamin firamaren naka kuma yana da hutu, yana da fansho ko da a takarda ne, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi albashinsa bai tsaya ba. Ita kuwa saƙo ɗaya mai layi biyu ya isa ya sallame ta ran Juma'a, watan gaba ta tashi da sifiri.

Abin da ya fi ba ni dariya, dariyar da ta fi kuka ciwo, shi ne batun tallafi. Ran 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A Afrilun 2024 aka kai wutar masu rukunin Band A naira 225 kowane yunit. A Disambar shekarar, in ji hukumar ƙididdiga, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince kamfanonin waya su ƙara kashi 50. Gwamnatin tarayya da rijiyoyin manta ta ce ba za ta iya ba, amma ƙanwata da tsohuwar kwamfuta da janareta mai tari ta ɗauki nauyin tallafa wa kasuwancin wani mutum a Texas. Ita ke sayen wutar ofishinsa, ita ke biyan intanet ɗinsa, shi kuwa bai ma san ana yi masa wannan alheri ba, balle ya gode.

Gwaggo, na ga kin gyara mayafi, na san abin da za ki ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala, a riƙe abin da Allah ya bayar, ɗiya mace da kunya aka san ta. Na yarda, Gwaggo. Amma ke ce fa kike kiwon ragon layya. Ranar da mai saye ya zo ya taya, ba ki duba kyan rigarsa, ba ki ce kai, bari in sallama kada ya ce na cika son kuɗi. A ranki kin riga kin tara kuɗin ɗan rago, da dusa, da harawa, da kowa, da allurar da aka yi masa da damina, da wahalar sharar garke wata takwas. In tayinsa bai rufe wannan ba, "albarka" za ki ce ki ci gaba da tsince shinkafarki, ko kallonsa ba za ki sake yi ba. Ban taɓa jin an kira wannan kwaɗayi ba. Me ya sa 'yarki in ta yi irin lissafinki sai ya zama rashin godiya?

Lissafin nan kuwa daga ƙasa ake faro shi, daga tukunyar gida. Me take buƙata ta rayu a wata cikin mutunci? A ce 400,000. Ɗora kuɗin kayan aiki 110,000. Ɗora 90,000 na ajiya saboda watan da babu aiki, da ranar ciwo, da haraji, tunda dokar harajin da aka sa wa hannu a 2025 naira 800,000 na farko kawai ta yafe wa mutum a shekara. Jimla 600,000. A raba da awannin da za a biya da gaske, 60 ɗin nan, ya ba da naira 10,000 a awa. Da la'adar dillali, abin ya tasam ma dala 7 da rabi. Kafin ku ce ta yi hauka, ku sani mafi ƙarancin ladan awa da dokar tarayya ta yanka a Amurka dala 7.25 ne, kuma tun 2009 yake nan bai motsa ba. Wato ko ta ninka farashinta sau biyu da rabi, a wurin maigidan kuɗin sabon ɗan wanke-wanke ne, ba kuɗin hayar ofis, ba inshorar lafiya.

Sai ɗan bokon cikinku, wanda shi kam maganarsa tana da ƙashi. Ya ce in ta ce bakwai, akwai dubu a Filifin da Indiya da Kenya da za su ce uku. Gaskiya ne, Malam, ba na musu. Tun da Tim Ferriss ya fitar da littafinsa The 4-Hour Workweek a 2007 ya koya wa 'yan kasuwar Amurka cewa ana samun mataimaki mai araha a ƙetare, kasuwar take cike. Fiverr ma da aka kafa a 2010 daga aikin dala biyar ya samo sunansa, Upwork kuma dala 3 ya yanka a matsayin ƙasan farashin awa. To amma wace tsere ce wannan da kake so ta ci? A gasar araha kullum akwai wanda ya fi ka yunwa, yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke kwafe rubutu da tsara jadawali ba sa shan ko ruwa. Sannan mai farautar dala uku shi ne maigida mafi wuyar sha'ani: shi ne mai kira ƙarfe biyu na dare, shi ne mai "ɗan ƙara mini wannan" sau bakwai a yini. Mutumin kirki da zai damƙa wa baƙuwa mabuɗin imel ɗinsa da lambobin katinsa, in ya ga farashi ya yi ƙasa da yawa tsoro yake ji, don shi ma a garinsu an san araha ba ta ado. Mafita ita ce ta daina zama mai yin komai. Wadda ta ƙware a riƙe littafin kuɗi da QuickBooks, ko kula da shagon Shopify, ko wadda ta haɗa Ingilishi da Faransanci irin 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ta fita daga layin dubun nan, ta shiga layin mutum ashirin.

Kai kuma ɗan samari, daina tafi, ba bayanka nake goya ba. Kwas ɗin mako biyu ka yi, ka ga wani a TikTok yana cewa ka san darajarka, ka tashi ka rubuta dala 50 a awa, alhali saƙon imel mai layi huɗu sai ka yi kuskure biyar a ciki. Adalcin farashi kaifi biyu gare shi. Fara da abin da zai rufe maka uwar kuɗi, ka tara shaidar aiki, in wata shida ya yi ka ƙara.

Ƙarin nan ma wasan kwaikwayo ne a wurin mutanenmu. Za ta shekara biyu a kan farashi ɗaya, ta iya aikin har abin da take yi a awa uku ya koma awa ɗaya, kuɗinta ya ragu saboda ta ƙware. Da ta yanka kuɗin wata a dunƙule, aiki kaza da kaza a kan dala kaza, abin da ya wuce haka da nasa farashin, da saurin hannunta riba ya zame mata. In kuma ta daure za ta nemi ƙari, sai ta rubuta wasiƙa mai shafi guda, ta ba da haƙuri sau huɗu, ta kawo labarin tsadar shinkafa da rashin lafiyar kakarta. Ƙanwata, ba roƙo kika zo ba. Layi uku ya isa: daga ɗaya ga watan jibi farashina zai koma kaza, ga abin da na gudanar a shekarar nan, na gode da hulɗa. Wani zai tafi. Akasari wanda ya tafin shi ne mai kiran dare.

Kanawa kam na san tun ɗazu hamma kuke yi, ku da ake yanke muku cibiya da ciniki. Mu Zagezagi da sauran bayin Allah ake wa karatun. Amma kada ku saki jiki, don mafi wuyar kwastoma ba ya Texas, yana Kantin Kwari. Shi ne Alhajinmu na ɗazu, wanda ya ce danne-danne ba aiki ba ne, amma tun da ya ji yarinyar ta iya, yake so ta riƙe masa WhatsApp ɗin shago, ta ɗora hotunan shadda a Instagram, ta amsa wa matan Abuja masu tambayar farashi ba sa saye. In aka zo maganar kuɗi sai ya ce, "Haba, 'yata, ni da ke har sai an yi ciniki? Za a riƙa sa miki kati." Ranka ya daɗe, ni ne wakilinta: rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran ƙarshen wata, a rubuce. In kuma zumunci ne, to madalla, gobe da safe za ta biyo ta shago ta ɗauki turmi biyar na atamfa, za ta riƙa sa maka albarka.