Lasifika Ɗaya da Rabi: Zuwa ga Bamangen Ɗanzomo

Bamange, bawan gidanmu, ina gajiya? A gaida mini mutanen Ɗanzomo kaf, ban da kai.

Labarinka ya riga ka isowa. An ce ranar Alhamis ka ɗora buhunan zoɓo ka nufi Maigatari, kasuwar da raƙuma da shanu ke kwararowa daga Nijar. Masu hankali suka dawo da tunkiya ko ɗan maraƙi, kai kuwa ka sauko daga mota rungume da akwatuna biyu na katako, kowanne bai kai kamu ɗaya ba. Ka tara majalisa ka ce lasifikokin ɗaki ne 'yan Ingila, tsohon yayi, wai mai gwanjon bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Ɗan kasuwar Maigatari ne bai san daraja ba? Mutanen da aka rufe wa iyaka daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023, ba su karye ba, su ne Bamange zai yi wa wayo? Ko cewa ba ka yi ba a jona maka ka ji. Cinikin biri a sama ka yi, sai da ka iso gida ka tarar ɗaya na waƙa, ɗaya na kakari.

Yanzu kuma ka aiko ta bayan fage, don kunya, a tambaye ni: a gyara mai ciwon, ko ka karɓi musayar da maƙwabcinka ya yi maka tayi, sabuwar nan ta roba mai fitilu ja da shuɗi wadda aka rubuta wa wat 5000 a goshi? Ka yi daidai da ka nemi Bafillatani. Kun daɗe kuna yi mana dariya wai muna bin shanu da rediyo rataye a kafaɗa. To, rediyon nan shi ya wasa mana kunne, ku kuna can kuna alfahari da mangul.

Bari in sallami ta maƙwabcin tukuna, don ba ta da dogon zance. Juya bayanta ka karanta ƙarfin wutar da take ja. Ba zai wuce 'yan gomomin wat ba, kuma abin da ya ci gomomi ba ya amayar da dubbai. Waccan babbar lamba da aka liƙa wa haruffan PMPO ado ce ta kwali, awon da ake ɗan yarda da shi shi ne mai RMS a gefensa. Ƙwanƙwasa jikinta ka ji yadda take amsawa fayau, wannan amon robar yana shiga cikin kowace waƙa da za ta yi maka. Amma gaskiya ɗaya ce: tana da batir a cikinta, tana kama waya ba tare da igiya ba, tana karɓar memori, kuma ranar da babu wuta ita ce sarauniyar dandali. In abin da kake so shi ne a ji ka daga bakin masallaci zuwa tasha, ka karɓe ta yau, mu huta.

Naka akwatunan ba don wannan aka yi su ba, kuma na san ba ka sani ba. An yi su ne don mutum ya zauna a ɗaki, taku uku ko huɗu daga gabansu, su kuma suna daidai tsayin kunnensa. Kafin 1954, mai son jin amo mai zurfi sai ya ajiye akwati kusan girman kabad. A shekarar ce wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya fito da dabarar rufe akwati ruf, iskar da ke ciki ta zama ita ke riƙe faifan lasifikar tana mayar da shi mazauninsa. Kamfaninsa, Acoustic Research, ya sayar da ita da sunan AR-1, daga nan ƙaramin akwati ya samu bakin magana a gaban manya. Farashin dabarar shi ne cin wuta: ƙaramin akwati rufaffe yana buƙatar amfilifaya mai ƙarfi kafin ya ɗaga murya. Su kuwa Turawan Ingila da kake jingina da su, BBC ɗin nan da ta fara magana da Hausa a 1957, ita ta zana wata 'yar ƙarama mai suna LS3/5A a shekarun 1970, don injiniyoyinta su riƙa sauraron murya a cikin motar ɗaukar shiri inda wuri ya yi ƙunci. Tsawonta kusan santimita 30, ba ta da wani bes na a-zo-a-gani, amma muryar mutum tana fita daga cikinta kamar yana zaune a gabanka, har yau kuma masu kuɗi na farautar tsofaffinta. Kada ranka ya biya. An gaya mini tambarin naka ya goge, kuma in da irin waccan ce, da ba ta kai Maigatari ba, da tun a Legas 'yan Alaba sun tare ta.

Duk da haka tsohuwar lasifika mai katako mai kauri ba abin rainawa ba ce, ko da ba ta da suna. Tambayar ita ce me ya lalace, don ciwon lasifika iri-iri ne, wani na kuɗin goro, wani na jana'iza.

Fara da abin da ko yaronka zai iya. Sauya igiyoyin, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. In kakarin ya bi igiya ya koma ɗaya akwatin, to lasifikarka lafiya lau take, amfilifayar ce ke ciwo, kuma ka yi ta zagin marar laifi. In ya tsaya inda yake, sai ka cire ragar gaba ka duba. Za ka ga baki biyu: babba a ƙasa, wufa, mai ɗaukar ganga da kaurin murya, da ƙarami a sama, tuwita, mai ɗaukar siririn sauti. Babban yana da faifai na takarda ko roba, an kewaye bakinsa da zobe mai laushi wanda ke barin sa ya shiga ya fita. A tsofaffi da yawa zoben nan na soso ne, soso kuwa yana da wa'adi: shekara goma sha zuwa ashirin sai ya fara marmashewa, zafi da laima suna ƙara masa sauri. Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa, shi ne kuma mafi araha. Ana kankare tsohon, a manna sabon zobe daidai girmansa, faifan ya zauna a tsakiya, shi ke nan. In kuma 'yar hular da ke tsakiyar faifan ce ta loɓa, wannan aikin yatsan yara ne, muni kawai ta yi, da ɗan salatif ake jawo ta waje.

Mai tsanani yana ɓoye a baya. A gindin faifan akwai koyil, siririyar wayar tagulla da aka naɗe, tana shawagi a wani ɗan tsukin rami cikin mayen ƙarfe, tazarar ba ta kai kaurin farce biyu ba. Kashe komai, ka shimfiɗa yatsunka a kewayen tsakiyar faifan, ka danna a hankali daidai wa daida. Na ce a hankali, Bamange, ba irin damƙar da kake yi wa tuwo ba. In ya shiga ya fito shiru, alhamdu lillahi. In ka ji ƙarar gogayya, ƙurrr, koyil ya kumbura don zafi ko ya karkace. Sai ka ɗauki batirin tocila guda, mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyin bayan akwatin da shi na ɗan lokaci: faifai mai rai zai motsa ya ce ɗuf, matacce ba zai kula ka ba. Mai gyaran rediyo da ke da mita zai ƙara maka haske. Lasifikar da aka rubuta wa om 8 takan nuna wajen 6, in kuwa mita ba ta ga komai ba, waya ta tsinke a wani wuri. Tuwita kuma, rage murya ƙasa sosai ka kai kunnenka bakinsa. In babu wannan siririn sisin, ko ya ƙone, ko kafasitar da ke raba masa sauti a cikin akwatin ta mutu. Ka roƙi Allah ya zama kafasita, don ita kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Na san abin da za ka ce: ai a Sabon Garin Kano ana naɗa sabon koyil, ana kuma sayar da wufa sabo fil, a ɗaura kawai. Ana yi, kuma zai yi ƙara. Amma a nan ne kai da ba ka taɓa kiwo ba za ka sha wahalar fahimta. Lasifikokin nan shanun huɗa ne. Ba wanda ke haɗa bijimi ɗan shekara biyar da maraƙi a karkiya ɗaya ya sa ran kunya za ta miƙe. An yi su biyu ne don su ja tare, da ƙarfi ɗaya da murya ɗaya, har mai waƙa ya tsaya cak a tsakiyarsu, makaɗa su bazu hagu da dama. Wufa baƙo, ko koyil da aka naɗa da wayar da ta samu, zai sauya nauyi da ƙarfi, ga shi kuma ba don shi aka auna akwatin da na'urar raba sautin ba. Sai ka ji Shata ya karkata gefe guda kamar mai neman ƙofar fita. Shi ya sa ko zoben soso za a sauya, na biyun duka ake sauyawa rana ɗaya, ko da ɗayan bai yage ba tukuna, don sa'anni ne, gobe shi ma zai bi.

To ga hukunci. In zobe ne kawai, ko hula, ko kafasita, ko wayar da ta kwance a ciki, a gyara, kuma bayan gyaran ta maƙwabcinka ba za ta iya tsayawa kusa da su a ɗaki ba. In koyil ya ƙone ko tuwita ya mutu, kuma babu inda za ka samo irinsa sak, to lasifika ɗaya ka saya a kuɗin biyu. In katakon ya sha ruwa ya kumbura, ko gara ta shige shi, kada ma ka ɓata kuɗin mota, domin akwatin da iska ke zurara daga gefensa ya tashi daga aiki.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne rahoton da ɗan aikenka ya ba ni ba tare da na matsa masa ba. Ya ce zoben ne ya marmashe, wato ka taki sa'ar da ba ka cancanta ba. Amma ya ce ka riga ka bi yagar da sufa gulu, ka ɗora salatif baƙi a kai, sannan ka murɗa murya har ƙarshe don majalisa ta shaida. Sufa gulu yana bushewa ya yi tauri, wurin da aka yi don ya lanƙwashe ya zama ƙashi. Kuma duk bugun ganga da ka sa faifan ya yi ba tare da zobe mai riƙe shi a tsakiya ba, koyil ne ke gogar bangon raminsa. Wato da hannunka kake mayar da ciwon kuɗin goro ya zama na jana'iza. Kashe ta yanzu, kafin ka gama karanta wannan.

Ya kuma ce amfilifayar da ka jona wata 'yar mitsitsiya ce da ka ciro daga tsohuwar rakoda. Mutane na zaton babbar amfilifaya ce ke kashe lasifika. Tana iya yi, amma ƙarama da aka matsa wa fiye da ƙarfinta ita ta fi cin tuwita, don in ta gaza sai ta riƙa aika sauti a guntule, mai kaushi, zafinsa kuwa a kan ƙaramin bakin yake sauka. Ka kuma daina haɗamar wat. Irin waɗannan akwatunan, wat 1 tak yana ba da wajen desibel 85 zuwa 88 a tazarar mita guda, wanda ya isa ya hana ka jin sallama. Ninka ƙarfin wuta sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. Ka kuma duba jan waya na kan ja, baƙa na kan baƙi a duka biyun. In ka juya ɗaya, wannan na turawa wancan na ja, bes ya ɓace, ka zo kana cewa Turawa sun cuce ka.

In an gyara, kada ka gwada su da waƙoƙin bikin nan da aka cika wa ganga ta inji, kowane gwangwani yana iya buga su. Sa abin da kunnenka ya sani. Kuntigin Ɗan Maraya Jos zai gaya maka ko tuwita na da rai, don tsirkiya ɗaya ce, ba ta da inda za ta ɓuya. Kalangun Shata zai nuna maka ko wufan biyu sun daidaita, a hawa da saukar muryar kalangu ake kama mai jan ƙafa. Sannan ka sa karatun Husari ka zauna tsakiya ka rufe ido. In muryar ta tsaya a gabanka wuri guda, har kana jin jan numfashi, an yi gyara.

Saura muhalli, wanda a nan ne na fi tausaya wa bayin Allah nan biyu. Sun fito daga ƙasar sanyi sun faɗo ƙasar Gumel, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, ga ɗakinka mai rufin kwano ba silin, ga ƙurar hunturu, ga gara da ba ta san ɗan Ingila ba. Ku da kuke taƙama tutar Shehu ba ta ci Gumel ba, ga gara nan ta ci. Ɗaga su daga ƙasa, ka raba su da bango kaɗan, ka yafa musu ƙyalle in ba sa aiki, kada kuma ka jona amfilifaya kai tsaye a janaretan da ke hawa da sauka.

Ladan wannan shawara ba shi da yawa: kwanon riɗi biyu, da kuɗin sharar bara da ka maƙale. In kuma mai gyara ya buɗe ya tarar sufa gulunka ya riga ya gama da koyil, ka aiko mini da mayen ƙarfen, inna na neman abin tsintar allura. Akwatin ka bar wa kajinka, daidai kwancin kaza ɗaya ne.