Haka Kakansa Yake

Mu a Bauchi ba a tashi daga taron suna sai an raba jariri gaɓa-gaɓa. Ko a Jahun ne ko a Kobi, goggonni za su zagaye shi ana cin masa da miyar taushe: hancin na uban ne, goshin na kaka, dogayen yatsun nan kuwa dangin uwa suka ɗebo. Kuma da gaskiyarsu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Launin fata da suma da siffar fuska, har da kaso mai yawa na tsayin mutum, duk a jini ake gadonsu.

Inda muke wuce gona da iri shi ne idan yaro ya shekara uku amma ka rantse bai kai biyu ba, gashi ya yi ja, ciki ya turo gaba, ƙafafu sirara. Sai ka ji an ce, "Ƙyale shi, Hajiya, haka kakansa yake, ƙaramin jiki gare su." To shi kakan, me ya samu ya ci yana yaro? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi tsanani a nan Arewa. Ma'aikatan lafiya kullum maganarsu kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu, domin a nan ƙashi da ƙwaƙwalwa suke ginuwa. Mu kuwa a daidai wannan lokaci muke matse dakashi mu zubar, mu ɗura wa jinjiri ruwa wai zafin garin ya yi yawa, alhali nono zalla ya ishe shi har wata shida. Ga gudawa daga ruwan da ba a tafasa ba. In an zo yaye sai koko tsululu, ba gyaɗa ba waken suya, zogale kuma yana tsaye a bayan gida. Ƙwai an ce yana koya wa yaro sata, sai a tara shi a kai kasuwar Wunti. Wallahi wannan yana ci mini rai.

Ku dubi Koriya. Al'umma ɗaya ce aka raba gida biyu a 1945, yau samarin Koriya ta Kudu sun fi na Koriya ta Arewa tsayi, saboda su sun ƙoshi, 'yan'uwansu kuwa sun sha yunwa.

Sai kuma inda gadon yake da gaske, nan ne muke kawar da kai. Yaro na kwana yana kukan ciwon ƙashi da sanyin hunturu, idanu sun yi ɗorawa, a ce mayu ne ko iska, a yi ta hayaƙi. Amosanin jini ne, sikila, kuma daga uwa da uba tare yake zuwa. Idan irin jinin dukansu AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila, ko da 'ya'yan farko sun fito lafiya. Auren zumunci da muke alfahari da shi yana ƙara haɗa masu irin jini ɗaya. Gwajin gano irin jinin bai fi ɗigon jini ba, ana yin sa a asibitin koyarwa na ATBU da sauran asibitocin gari, Kano ma ta mayar da shi doka kafin aure a 2024. Matsalarmu a unguwa ita ce sai an sa rana, an kai lefe, sannan a tura yara gwaji, lokacin da babu dattijon da zai iya buɗe baki ya ce a fasa.