'Yan Gayyar Soɗi a Fuskar Kwamfuta

Bawan Allah ya ƙawata fuskar Mac ɗinsa da hoton jaririnsa na ranar suna. Washegari ya kunna, sai ga foldojin ofis sun jeru a goshin yaron kamar 'yan gayyar soɗi: ta albashi, ta takardun taro, da wata da ba a san mai ita ba tun zamanin tsohon manaja.

Ba aikin aljanu ba ne, Finder ce mai karambanin. Shiga cikinta, ka danna Command da waƙafi tare. A shafin General akwai jerin abubuwan da aka yarje wa zama a fuska. Cire alamar da ke gaban Connected servers, nan take su yi ɓatan dabo.

Sai dai ɓoye su ka yi, ba sallama ba, haɗin da sabar ofis yana nan daram. In kuma kullum da ka kunna sai folda ta buɗe kanta, to wani mai son taimako ya cusa ta a Login Items. Tun macOS Ventura na 2022 wurin yana cikin System Settings, ƙarƙashin General. Zaɓe ta, danna alamar ɗebewa.

Masu zafin rai kan ja gunkin foldar zuwa kwandon shara. Wannan da sauƙi, cire haɗin kawai yake yi. Amma wanda ya buɗe foldar ya goge abin da ke ciki, na kowa da kowa ya goge, kuma akanta zai zo nemansa kafin azahar.