Oga, Kwamfutarka Ce Ke Barci, Ba Yaronka Ba

Na san tun daga kanun rubutun nan wasunku sun fara taɓe baki. Mutanen Kano, ina jiyo ku daga nan: wai me ya haɗa Anguwan Rukuba da manhajar sa ido kan ma'aikata? A ganinku mu a Jos ba mu da aikin yi sai noman dankalin Turawa da ɗora rigar sanyi a kan rigar sanyi. To ku gyara zama. Unguwar nan ba ta da nisa da Jami'ar Jos, ɗalibai sun cika ɗakunan haya, kuma duk inda ɗalibi yake sai ka ga shagon buga takardu da na cike fom a intanet sun biyo shi. Ga kuma samari da 'yan mata da ke zaune a ɗaki da laftof a cinya, suna yi wa kamfanin da ba su taɓa ganin ƙofarsa ba aiki. Wanda ya taɓa karɓar aikin awa-awa a Upwork ya san cewa a cikin kowane minti goma sai manhajar ta ɗauki hoton fuskar kwamfutarsa sau ɗaya, a lokacin da ta ga dama, don mai biyan kuɗi ya gani da idonsa. Abin ya riga ya shigo gari, ko kun yarda ko kun ƙi.

Ga wanda bai taɓa cin karo da ita ba, 'yar ƙaramar manhaja ce da ake dasawa a kowace kwamfutar wurin aiki. Tana rubuta abin da aka buɗe, da shafin da aka shiga, da tsawon lokacin da aka yi a ciki, wata har hoto take ɗauka, sannan ta tura duka ta intanet zuwa inda mai wurin zai duba a wayarsa yana kwance a gida. Hubstaff, Time Doctor, ActivTrak, Teramind, duk 'yan gida ɗaya ne, kuma kusan duk da dala ake biyan kuɗinsu wata-wata.

Masu shakka na biyu su ne ogogin da suka riga suka biya dalar. Su kuma kukansu daban. Ɗaya ya ce manhajar damfara ce, ta ƙi hawa. Ɗaya ya ce ta hau amma rahoto fayau, babu ko layi ɗaya. Na uku, wanda ya fi kowa zafi, ya rantse yaran shagon ne suka yi mata wani siddabaru da dare. Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri, yaran da kuke zargi rabinsu ba su ma san akwai ta ba.

Bari mu fara da ƙin hawa, don shi ne mai sauƙi. Manhajar da ke ƙirga taɓa madannai tana ɗaukar hoton fuska a ɓoye, a idon manhajar riga-kafi ba ta da bambanci da ta ɓarayin da ke satar lambar sirrin banki. Don haka da ka dasa ta, Defender ɗin da ke zuwa cikin Windows, ko duk wani riga-kafin da mai gyara ya cusa maka, yana iya cafke ta ya kulle ba tare da ya yi maka sallama ba. Aikinsa ya yi. Kamfanonin da ke sayar da ita sun san da haka, shi ya sa suke ba da jerin fayilolin da za a ce wa riga-kafi ya ƙyale, amma wa ke karanta takardar bayani? Sannan dasawar tana buƙatar izinin mai kwamfuta, kuma kalmar sirrin tana kan wani mai gyara da ya koma Bukuru ya canja lambar waya. Akwai kuma tsufa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025, amma ka leƙa shagunanmu ka ga abin da ke kan tebur. Sabuwar manhaja ta ga wannan tsohuwa ta ce ba da ita ba, kai kuma ka hau zagin kamfani.

Masu Mac, kada ku yi dariya. Tun 2019 Apple ta sa ƙa'ida cewa sai an ba manhaja izini a fili kafin ta ɗauki hoton fuska, in ba haka ba oga ya wuni yana kallon hoton bango, babu ko taga ɗaya a buɗe.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne idan ta hau, rahoto kuma ya fara zuwa. Wata mai shagon buga takardu a nan unguwar, mace mai kirki da zafin nama, ta aiko a kira ni, ranta a ɓace. Na tarar da ita riƙe da waya, yarinyar da ke mata bugu kuma tana gefe ta sunkuyar da kai.

"Malam, duba mini nan da kyau. Da rana tsaka ba ta komai. Amma ƙarfe sha ɗaya na dare, ga ta nan tana aiki har asuba. A shagona! Da wane makulli take shigowa? Aikin wa take bugawa da wutata?"

Yarinyar ta ce, "Mama, ni fa ƙarfe shida nake tashi, ke kike rufewa da hannunki."

Na ce a buɗe mini laftof ɗin. 'Yar hannu ce, irin waɗanda ake kawowa daga waje, da tabon sitikar wani ofis a murfinta. Na nuna wa Mama kusurwar ƙasa ta dama. Hantsi ya dubi ludayi a Jos, agogon kwamfuta kuma yana cewa tsakar dare ne. Tun da aka sauke ta daga jirgi ba wanda ya gaya mata ta bar Kalifoniya, kuma tsakaninmu da can awa tara ne a lokacin sanyinsu, takwas a lokacin zafi. Yarinya ta zauna ƙarfe takwas na safe, kwamfuta ta rubuta sha ɗaya na daren jiya. Mama ta daɗe tana kallon agogon, sannan ta ce, "To ita kwamfutar ba ta ganin rana ne?" Ba ta gani, Mama.

Wannan ma da sauƙi. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an kashe ta. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwamfuta ta farka a wata tsohuwar shekara. Ita kuwa manhajar, kafin ta aika komai sai ta duba takardar shaidar rumbun da za ta aika wa, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ke zaton shekaru goma baya take, sai ta ga takardar ba ta fara aiki ba tukuna, ta ƙi magana. Batirin da kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba ya hana rahoton dala zuwa, oga kuma yana can yana shirin korar mutum.

Sai Deep Freeze, sarauniyar shagunan intanet. Masu gyara suna sa ta ne don duk ɓarnar da kwastoma ya yi a kwamfuta ta goge da zarar an kashe an kunna. To ita ba ta san oga ba. Ka dasa manhajarka da yamma, ka gwada, ta yi aiki, ka tafi gida da murna. Da safe an kunna, babu ita babu alamarta. Ka sake dasawa, ta sake ɓacewa. A nan ne ake fara maganar asiri, har wani ya ba da shawarar a kira mai addu'a. Abin da ake buƙata shi ne a sassauta Deep Freeze, a dasa, a mayar da ita.

Na ji wani daga baya yana cewa, "To mu namu rahoton yana zuwa, sai dai sunan mutum ɗaya ne kawai a ciki." Yallaɓai, tambayi wanda ya haɗa maka kwamfutocin. In faifai ɗaya ya shirya ya kwafe shi a kan sauran, to duk sunansu ɗaya, manhaja kuma tana iya ɗaukarsu abu guda. Ko kuma ma'aikatanka duka da ƙofa ɗaya suke shiga, wadda aka sa wa suna HP ko Admin tun daga kanti. Shi ya sa a ƙarshen wata gwarzon ma'aikacinka yake fitowa wani bawan Allah mai suna HP, wanda bai taɓa zuwa karɓar albashi ba.

Maganar wuta da data kuwa ba sai na koya muku ba. In intanet ya yanke, yawancin manhajojin nan sukan ajiye bayanan a cikin kwamfuta har sai ya dawo, don haka rahoton da ka gani wayam da azahar yana iya cika da magariba. In an ɗauke wuta kafin a tada janareta, wannan giɓin ba lalacin kowa ba ne. Kuma hotunan nan da kake so a ɗauko maka bini-bini, datar shagonka suke sha.

Yanzu na juyo kanku, ma'aikata, don na ga kuna ta murmushi kamar ku waliyyai ne. Ku ma kashi biyu ne. Akwai matsorata da suka ɗauka oga yana ganin har abin da ke cikin wayarsu ta aljihu. Manhajar da ke kan kwamfutar shago ba ta shiga wayarka. Amma ranar da ka buɗe WhatsApp ɗinka a kan kwamfutar aiki, hirar tana kan fuska, hoto kuma zai ɗauke ta har da "ina kewarki". Sai kuma 'yan wayo, masu sayen 'yar na'urar da ke motsa maus ita kaɗai su tafi cin masa. Ku sani ba ku kuka fara ba, kuma waɗanda suka riga ku ba su ji da daɗi ba: a 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin ƙirƙirar motsin madannai na ƙarya don a ɗauka suna aiki. Maus ɗin da ya yi awa uku yana rawa a kan shafi ɗaya, ko Mama mai shago za ta gane.

Amma a ce komai ya daidaita, agogo daidai, riga-kafi ya yi shiru, suna ya rabu. Me rahoton yake aunawa? Hubstaff, alal misali, takan raba lokaci gida-gida na minti goma, wato daƙiƙa 600, ta ƙirga a daƙiƙa nawa aka taɓa madannai ko maus. An taɓa a 300, ta rubuta kashi 50 cikin ɗari. Shi ke nan lissafin. Yarinyar da ta yi minti ashirin tana ƙoƙarin gane rubutun hannun wani ɗalibi, wanda shi kansa ba ya iya karantawa, sifili ta samu. Wadda ta tashi ta ciro takardar da ta maƙale a firinta, ko ta tsaya lallashin kwastoman da ke rigima a kan canji, sifili. Wanda ya wuni yana buga karta a kwamfuta kuwa, hannunsa bai huta ba, makinsa ya kai sama. Mu a Filato mun san awo tun zamanin kuza, lokacin da masu haƙa na ƙashin kansu ke kai abin da suka wanke a ɗora a sikeli a biya su gwargwadon nauyi. Duk abin da za a ce game da wancan sikelin, kuza yake aunawa. Wannan na yanzu lilon shebur yake ƙirgawa, ko da ƙasa a ciki ko babu.

Na san abin da ya rage a bakinku: "Shagona ne, kwamfutata ce, in ga dama in sa a ɓoye." In na ambaci doka kuma ku kwashe da dariya ku ce a Najeriya muke. Ku yi dariyar, amma ku ji. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ce duk mai tattara bayanan mutum sai ya sanar da shi me yake tarawa da dalilin tarawar. Tarar ƙananan wurare tana iya kaiwa naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. A Turai ma an yi ta: wani injiniya ɗan Romaniya, Bogdan Barbulescu, an kore shi a 2007 bayan kamfaninsu ya karanta hirarsa da ɗan'uwansa da budurwarsa a Yahoo Messenger na aiki. Shekara goma yana bin shari'a, har a Satumban 2017 babban zauren kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya ce an keta masa haƙƙi, kuma cikin abubuwan da kotun ta duba har da ko an gaya masa tun farko irin leƙen da za a yi masa da iyakarsa. Kotun ba ta hana sa ido ba. Ɓoyewar ce ta jawo magana.

Ni ma ban ce kada ku sa ba. Mai shagon da ake buga aikin waje da tawadarsa a bayan idonsa yana da haƙƙin ya sani. Amma ku tara yaranku ku gaya musu an sa, ku rubuta a takarda kowa ya sa hannu, ku ba kowa ƙofar shigarsa da sunansa. In rahoto ya zo da abin mamaki, a fara duba agogon kwamfuta da batirinta kafin a duba fuskar yarinya. Kuma don Allah, oga, kada ka yanke wa kowa ko sisi daga albashi saboda wannan kashi cikin ɗarin. Ƙirga shafukan da aka buga da kuɗin da ya shiga aljihun tebur, su ne aikin da kake biya.