Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Manhajar Tace Taswira



Na san masu harkar taswira kan yi shawarar wadda za su ɗauka a cikinku, QGIS ce ko OpenRefine ko GDAL, don ta tace bayanan dubban ƙauyuka a zama ɗaya, ta goge maimaici, ta daidaita sunaye. Ko wace ce ke, ga sharuɗɗa daga Sunke ta ƙasar Anka.

A shekarar 2010, gubar dalmar da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara. Likitocin ƙungiyar MSF suka kama magani, ƙungiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics kuma suka kankare gurɓatacciyar ƙasa a Sunke, Abare, Dareta, Duza da Tungar Daji, har 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Gida-gida aka bi ana auna ƙasa. To a irin wannan aiki, kowane ɗigon da kike gani a taswira gidan mutane ne.

Da farko, kada ki haɗe garuruwa don sunayensu sun yi kama. Sabon Gari da Tunga ba sa ƙirguwa a ƙasar Hausa, alhali Yargalma, Yar Galma da 'Yargalma gari ɗaya ne. Ki fara duba mazauni da gunduma, sannan suna.

Na biyu, tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa da ma'aunin WGS 84 yake aiki. In kika cakuɗa su ba juyi, ɗigo zai goce da mita gommai, a je a kankare gidan maƙwabci a bar mai guba.

Na uku, akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa tsakanin Anka, Gummi da Bukkuyum. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna miki kufai. Kada ki share su, masu su na nan da ransu, gonakinsu ma na nan.

Duk inda kika yi shakka, ki sa alama ki dakata, a tambayi mai gari ko masu allurar riga-kafi da suka taka wurin da ƙafa. Ki ajiye asalin bayanan, ki rubuta duk abin da kika taɓa, don sauri kan haifi nawa.

Masu zaɓen manhaja kuwa, ina roƙonku ku ɗauki manhajar da za a iya warware gyaranta, ko da wata ta fi ta gudu.

Wassalam.

Naki,
Ɗan ƙasar Anka