Manya da Ƙananan Ƙofar Fada: Daga Zabori Zuwa Gaya

A takarda lissafin ba shi da wuya. Dokar Nijar mai lamba 2015-01 ta 13 ga Janairun 2015 ta jera sarakunan gargajiya daki-daki, tun daga sultan da sarkin kanto har zuwa maigari da mai unguwa. A 2010 aka ɗaga Zarmakwai na Doso da sarakunan Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri, suka tarar da Agadas da Damagaram a sahun sultan. Zabori, wadda ta daɗe ƙarƙashin Gaya kafin a haɗa ta da sabuwar gundumar Junju a 2011, kanto ce kamar Karakara da Yelu da Bana. Iyakar abin da Yamai ta sani ke nan.

Amma wanda ya yi hantsi ɗaya a ƙofar kowace fada ta wannan yanki ya san akwai wani jeri da ba a buga a jaridar gwamnati ba. Ana gane shi daga inda mutum yake tuɓe takalmi, da tabarmar da yake zama, da kuma wanda ake miƙa wa goro kafin wani.

Na farko a jerin shi ne Yarima Mai Jiran Gado. Kakan kakansa ya taɓa rawani, kuma tunda doka ta buɗe takara ga zuriyar waɗanda suka yi sarauta, shi ma yana cikin lissafi, tare da 'yan uwansa da ba su ƙirguwa. Ba ya noma sosai, don kada rana ta ɓata fuskar da za ta ɗauki amawali. Yana da rawani a ƙasan akwati, a naɗe cikin leda da ƙwayar kafur. Babu wanda ya kai shi tambayar lafiyar sarki. In sarki ya yi tari a zaure, Yarima ne farkon mai cewa "Allah ya ƙara lafiya, ranka ya daɗe", kuma da yammar ranar za a ga babur ɗinsa a ƙauyuka uku yana gaida masu gari. Idan aka yi masa ba'ar furfura, yana da amsa a shirye: ai Isufu Saidu Zarmakwai, wanda ya yi babban muƙami a Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da ya kai shekara 78 ya hau gadon Doso a 1998. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne a 2000 Allah ya yi wa wannan sarki rasuwa.

Maigari kuwa mutum ne mai iyayen gida biyu da maƙiya ɗari. Magidanta ne suka zaɓe shi, su ne kuma yake bi gida-gida yana neman lanho, wato haraji. Da rani yana sulhunta miji da mata. Da damina yana tsaye a kan iyakar gona, tsakanin mutum biyu da kowannensu ya rantse kakansa ne ya dasa gamjin nan. Da kaka shanu sun shiga wake, manomi na huci, makiyayi na cewa burtali aka nome. Duk hukuncin da ya yanke, rabin gari zai daina yi masa sallama har Sallah. Sau ɗaya yake shan daɗin rawaninsa, wato ranar da gadon kanto ya zama babu kowa, domin masu gari ne ke jefa ƙuri'ar sabon sarki. A makonnin nan 'ya'yan sarki na durƙusa masa, buhun shinkafa na kwana a zaurensa ba a san wanda ya kawo ba, ana kiransa "Baba". Washegarin zaɓe ya koma maigari.

Sai Bafade. Ba shi da gona mai kirki, ba shi da sana'a, amma bai taɓa kwana da yunwa ba. Jarinsa kalma biyu ce: "Gaskiya ne." Sarki ya ce bana za a yi ruwa, gaskiya ne. Sarki ya sake duba sama ya ce anya kuwa, Bafade ya ce dama shi ma tun jiya yake jin iskar ba ta yi masa ba. Yana fara dariya kafin sarki ya kai ƙarshen labari, ya kuma san daidai lokacin da ake fito da akushi. Masu raina shi ba su san fada ba. Shi ke raɗa wa sarki wanda ya zo da ƙara da wanda ya zo da rago, kuma maganar da ta bi ta bakinsa tana isa ciki da ƙarin gishiri ko ragin gishiri, gwargwadon gaisuwar da aka yi masa a waje.

Dogari ba ya buƙatar gabatarwa, jar rigarsa ta gabatar da shi tun daga nesa. Bulalarsa ta fi shekara ba ta taɓa kowa ba, amma yana gyara mata zama a kafaɗa duk sanda baƙo ya doso. Ikonsa taku biyar ne, daga bakin zaure zuwa labule, sai dai a cikin taku biyar ɗin nan ko alhajin da ke da tirela a hanyar Kwatano sai ya jira. "Sarki na ganawa," in ji shi, alhali ana jin minsharin sarki daga soro. In an aike shi ƙauye kiran wanda ake ƙara, yakan dawo da mutumin a gaba, da zabi biyu a bayan babur, waɗanda ya ce kyauta ce ta zumunci.

Maroƙi shi ne ma'ajin tarihin yankin, kuma tarihin yana da yawa. Arawa na danganta sarautarsu da Ari, ɗan sarkin Barno. Zabarmawa na da Mali Bero. Kabawan Argungu, can tsallaken iyaka, na da Kanta mai birnin Surame da Yakubu Nabame wanda ya ɗaga tutar tawaye wa Gwandu a 1849. Duk waɗannan suna cikin kan Maroƙi, kuma yana sayar da su da awo. Wanda ya ba da dala ashirin, a tsaya a kan ubansa. Wanda ya ba da jika, a kai shi ga kakan da ya yi yaƙi. Wanda ya cire babbar riga ya yafa masa, kafin la'asar an sada shi da Barno ta wajen uwa da ta wajen uba. Marowaci kuma ba a zaginsa, Allah ya kiyaye. Ana dai yabon maƙwabcinsa da babbar murya, a daidai ƙofar gidansa, har sai ya fito.

Akwai masu rawanin da gumi ya naɗa musu. Sarkin Pawa ya san kowace dabba da aka yanka ranar kasuwa. Sarkin Maƙera ne ake nema in damina ta ƙarato garma ba ta da baki. Sarkin Aski ya san kan kowane namiji a gari tun ranar sunansa, shi ya sa ba mai yi masa girman kai. Sarkin Noma na asali, a al'adar ƙasar Hausa, sai ya tara dami dubu ya yi biki ya rabar kafin a kira shi da sunan. Waɗannan ba su cika zaman fada ba, aiki ya yi musu yawa. Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu kwalekwale suka zama su ne gada, kuma mutanen da a da ba su san sunan mai jirgi ba suka koma gaishe shi da hannu biyu.

Kishiyarsu shi ne Mai Rawanin Kanti. Ya tafi Legas ko Kwatano da jaka ɗaya, ya dawo da mota mai baƙin gilashi, ya ga abu ɗaya ya rage masa. Sai ya gyara zauren fada, ya kai doki, aka laluba aka samo masa sarauta. In sunayen da aka gada sun ƙare, ba a rasa sabo: Garkuwan wannan, Jarman wancan, Hasken Matasa. Ranar naɗi an kashe abin da zai haƙa rijiya, an zo da makaɗa daga Najeriya, an buga kalanda mai hotonsa yana duban nesa. Rawanin ne dai bai iya naɗawa ba, akwai yaron da yake biya don wannan, kuma ranar da yaron ya tafi ganin gida, basarake na fama da "mura" ba ya fita. Ba ya mulkin ko akuya. Amma a kira shi da sunan yanka a gaban mutane, a ga yadda ake fasa zumuncin shekara talatin.

Cikin gida akwai wadda ba ta zama a zaure amma zaure na jin ta. A wani wuri Magajiya ce, a wani wuri Inna, wani lokaci kuma tsohuwa ce kawai da ta goyi sarki. Ita kaɗai ke iya aika masa cewa maganar jiya ba ta yi ba, kuma da safe a ji fada ta "sake nazari". Mazan yankin ba su da bakin musu a nan, don a ƙasar Arawa ne, a Lugu, Sarauniya ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da garuruwa da dama suka watse tun kafin a iso su.

Mutum ɗaya ne ke shiga fada ba ya tsoron kowa, shi ne Taubashi. Bafulatani ya iso gaban basaraken Arawa, maimakon ya faɗi gaisuwa sai ya tambaya ko bawansa ya tashi lafiya, ya ƙara da cewa rawanin nan ya yi wa kan girma. Dogari ya sunkuyar da kai yana danne dariya, Bafade ya rasa ko "gaskiya ne" zai ce. Sarki kuwa dole ya rama da baki, ya kuma sallame shi da goro. A 2014 UNESCO ta sa wannan wasan taubasantaka na Nijar cikin gadon al'adun duniya, abin da Taubashi ya ɗauka a matsayin lasisi.

Gefe guda ga masu mota da tuta. Kumandan na zamanin Faransa ya tafi, perefe ya zo. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 aka sami magajin gari, a 2024 aka rusa majalisun aka naɗa masu riƙo. Kowannensu in ya sauka a gari fada yake fara zuwa, a ba shi kujerar roba a gefen sarki, ya yi jawabi da Faransanci, tafinta ya taƙaita minti ashirin da cewa, "Ya ce yana gaishe ku." Bafade ya ga irinsu da yawa, shi ya sa ba ya wahalar haddace sunansu. Duk "mai girma" ne.

Talaka na can ƙarshen tabarma, inda inuwa ta ƙare. Shi ya biya lanho, shi ya kawo zabin Dogari, shi ya yi tafi ranar naɗin Mai Rawanin Kanti. Ana ganinsa a ce ga wanda ba ruwansa da sarauta, har sai an bi 'ya'yansa da dare. Samarin Nijar sun daɗe da kafa tasu fadar a bakin titi, da benci da butar shayi da rediyo. Akwai shugaba, akwai ma'aji mai littafin tara, akwai Sarkin Shayi wanda ba a taɓa masa buta. Kofin farko na manya ne, na uku mai ruwa-ruwa na sababbin shiga. Mafi ƙanƙanta shi ke fifita gawayi, shi ake aike sayen sukari. Shi ma da ya sha kwana sai ya ƙwala wa ƙanensa kira, ya ɗora masa ƙullin sukarin, ya sa shi gaba, yana biye da hannu a baya yana ce masa ya yi sauri manya na jira.